Macen da ta gano tushen wata sankarar jini

'Yar'uwa, kin tambaya ko akwai macen da ta yi fice a binciken sankarar jini. Akwai kuwa: Janet Rowley ta Jami'ar Chicago a Amurka.

Kuromozom wasu zare ne a cikin ƙwayoyin halittar jiki da ke ɗauke da bayanan gado, kowanne da lambarsa. Tun 1960 aka lura kuromozom na 22 ya gajarce a jikin masu wata sankarar jini mai cin mutum a hankali. An zaci wani yankinsa ne ya ɓace. Rowley kuwa kwana 3 take aiki a mako saboda renon 'ya'yanta maza huɗu. A kan teburin cin abinci na gidanta take yanka hotunan kuromozom da almakashi tana jerawa. Nan ta gano yankin bai ɓace ba, kan kuromozom na 9 ya koma. Ta wallafa hakan a 1973.

Abin da ya fi burge ni shi ne dagewarta. Masana da yawa na ganin cutar ce ke lalata kuromozom, ita ta ce wannan sauyin wurin ne ke haddasa cutar, kuma gaskiyarta ta fito. Ta wannan hanya aka kai ga imatinib a 2001, ƙwayar da ta tsawaita rayuwar marasa lafiya sosai. Rowley ta rasu a 2013.