Tambaya da Amsa: Yadda Tumbi Yake Sarrafa Abinci, da Abin da Ya Hana Shi Cin Kansa

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni malamin makaranta ne a unguwar Mabera, cikin garin Sakkwato. Ina roƙon a yi mini bayanin abin da yake faruwa da abinci bayan mutum ya haɗiye shi. Na ji an ce akwai wani ruwa mai ƙarfi a cikin tumbi wanda yake narkar da nama. To idan haka ne, me ya hana shi narkar da tumbin, tunda shi ma nama ne? Sannan mutane da yawa a nan suna cewa zama da yunwa da yawan cin yaji su ne suke kawo olsa. Shin gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tambayoyinka uku ne, amma wanda ya fahimci ta farko zai ga sauran biyun sun zo masa da sauƙi, don haka bari mu bi su a jere.

Tumbi wata jaka ce ta tsoka da take kwance a saman ciki, ta ɓangaren hagu, ƙarƙashin haƙarƙari. Abin da yake wajen cibiya galibi hanji ne. Idan babu komai a cikinsa yakan tattare, bangonsa ya yi ninki-ninki, amma da zarar abinci ya fara sauka sai ya saki jiki ya buɗe, har ya ɗauki lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba tare da mutum ya ji takura ba. Idan aka matsa masa yana iya kaiwa kusan lita huɗu. Yana da ƙofa biyu: ta sama, inda hanyar abinci da ta sauko daga maƙogwaro ta ƙare, da ta ƙasa, wadda take buɗewa zuwa ƙaramin hanji.

Aikin tumbi yana farawa tun kafin loma ta shiga baki. Ƙamshin abinci, ko ganinsa, ko ma tunaninsa, yana sa ƙwaƙwalwa ta aika saƙo ta wata doguwar jijiya zuwa tumbi, ya fara zubo ruwansa. Mai azumin da ya ji ƙamshin ƙosai ana gab da Magariba, tumbinsa ya riga ya soma shiri. Masanin nan na ƙasar Rasha, Ivan Pavlov, shi ya yi fice wajen nazarin wannan a jikin karnuka, kuma a kan bincikensa na narkar da abinci aka ba shi kyautar Nobel a 1904. A baki kuwa, haƙora suna farfasa abinci, miyau kuma yana fara warware sitacin da yake cikin tuwo da shinkafa da gero. Duk abin da haƙora suka bari, tumbi ne zai ɗauki nauyinsa.

Ruwan da ka ji labari gaskiya ne. Bangon tumbi cike yake da 'yan ramuka da ido ba ya gani, waɗanda suke fitar da ruwa kimanin lita ɗaya da rabi zuwa biyu a kowace rana. A cikinsa akwai asid mai tsananin tsami, wanda yake yin ayyuka uku. Yana kashe yawancin ƙwayoyin cutar da suka shigo tare da abinci, ko da yake ba duka ba, domin da yana kashe duka da ba a san kwalara da taifot ba. Yana sassauta furotin ɗin da yake cikin nama da wake da ƙwai da nono. Sannan yana tayar da wani sinadari mai suna pepsin, wanda shi ne ainihin mai yayyanka furotin ƙanana-ƙanana. Akwai kuma wani sinadarin da tumbi yake fitarwa wanda idan babu shi hanji ba zai iya karɓar bitamin B12 ba, rashinsa kuma yana kawo ƙarancin jini da lalacewar jijiyoyi.

Ruwan shi kaɗai ba zai gama aikin ba sai da motsi. Bangon tumbi yana da tsoka hawa uku, kowanne da inda ya fuskanta, kuma suna matsewa bi da bi kimanin sau uku a minti ɗaya, daga sama zuwa ƙasa. Kowace matsa tana tura abinci zuwa ƙofar ƙasa, ita kuma ƙofar sai ta tsuke, ta bar ɗan kaɗan ya wuce, sauran ya komo baya da ƙarfi ya sake gauraya. Haka za a yi ta yi, kamar yadda ake dama fura da ludayi har gudajinta su mutu, sai abincin ya zama ruwa-ruwa mai kauri. Ƙofar ba ta yarda gutsuren da ya wuce kimanin milimita biyu ya fita.

Tsawon lokacin da abinci yake yi a tumbi ya danganta da irinsa. Ruwa ba ya daɗewa, cikin mintuna yake fara wucewa. Abinci na yau da kullum yakan ɗauki awa biyu zuwa huɗu. Mai maiƙo ya fi kowane daɗewa, saboda idan kitse ya isa farkon hanji, hanjin yakan aika wa tumbi saƙo ya rage gudu. Wannan ne ya sa wanda ya karya da kunu zalla yake jin yunwa tun hantsi, wanda kuwa ya ci tuwo da miya mai man shanu da nama yake kaiwa la'asar. A farkon hanjin ne ruwan wata gaɓa da take bayan tumbi, wadda ake kira pankiriyas, yake kashe kaifin asid, ruwan matsarmama da hanta take haɗawa kuma yake tarwatsa kitse.

A nan akwai abin da ya kamata a lura da shi: amfanin abinci ba daga tumbi yake shiga jini ba. Tumbi ba ya tsotsar komai sai abubuwa ƙalilan, irin su barasa da wasu magunguna kamar asfirin. Kusan dukkan amfanin abinci yana shiga jiki ne daga ƙaramin hanji, wanda tsawonsa ya kai kimanin mita shida. Tumbi rumbu ne na ɗan lokaci da wurin niƙa da tacewa, shi ya sa mutanen da aka cire musu tumbi gaba ɗaya saboda ciwon daji suke ci gaba da rayuwa, sai dai su ci kaɗan-kaɗan a kai a kai, a kuma riƙa yi musu allurar B12.

Mai karatu zai iya tambayar yadda aka san duk wannan. A 1822, a tsibirin Mackinac da ke Amurka, bindiga ta tashi bisa kuskure ta harbi wani saurayi mai suna Alexis St. Martin a gefen ciki. Ya warke, amma wata kafa ta rage a buɗe har cikin tumbinsa. Likitan soja da ya yi jinyarsa, William Beaumont, ya yi shekaru yana ɗaure guntun abinci da zare yana zurawa ta kafar, yana fitarwa bayan wani lokaci ya ga abin da ya same shi, ya kuma wallafa sakamakon a 1833.

Yanzu sai tambayarka ta biyu. Tumbi nama ne, kuma da za a bar shi da asid da pepsin babu kariya, lallai da sun cinye shi. Kariyar farko ita ce wani ruwa mai yauƙi da kauri da ya lulluɓe bangon gaba ɗaya, wanda a ƙarƙashinsa ƙwayoyin halittar da suka gina bangon suke zubo sinadarin da yake kashe tsami, ta yadda asid yana da kaifi a tsakiyar tumbi amma kafin ya isa ga naman ya riga ya mutu. Ta biyu, ba a fitar da pepsin a shirye. A kwance yake fitowa, sai ya haɗu da asid a cikin tumbin sannan ya tashi, don haka ba ya cin wurin da aka ƙera shi. Ta uku, ƙwayoyin saman bangon a manne suke da juna, kuma jiki yana sabunta su cikin 'yan kwanaki kaɗan, wanda ya lalace ya faɗi sabo ya maye gurbinsa. Jini mai yawa kuma yana gudana a ƙarƙashinsu yana kwashe ɗan asid ɗin da ya kutsa. Wasu sinadarai da ake kira prostaglandin su ne suke kula da cewa yauƙin da gudun jinin ba su yanke ba.

Gyambon ciki, wato olsa, yana samuwa ne idan wannan kariya ta rushe a wani wuri, asid ya samu nama tsirara, ko dai a tumbin ko a farkon hanji. Abubuwa biyu ne suka fi rusa ta. Na farko wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori, wadda take shigewa ƙarƙashin yauƙin, ta kewaye kanta da sinadarin da yake kashe asid, ta zauna shekara da shekaru tana sa bangon kumburi. Galibi tun yarinta ake ɗaukarta, ta gurɓataccen ruwa da hannu marar tsabta da cunkoson zama. Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita, amma mafi yawansu ba sa yin gyambo. Likitoci biyu na ƙasar Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, su suka gano alaƙarta da olsa a farkon shekarun 1980. Da abokan aikinsu suka ƙi yarda, Marshall ya kurɓi ruwan da aka rena ƙwayar a ciki a 1984, tumbinsa ya kumbura cikin kwanaki, kuma a 2005 aka ba su kyautar Nobel.

Na biyu shi ne magungunan kashe ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da asfirin, waɗanda suke hana jiki haɗa prostaglandin ɗin da muka ambata. A ganina wannan ne ya fi cancanta a yi ta nanata wa jama'armu, domin manomi ko lebura ko ɗan acaɓa yakan wuni yana aiki cikin zafin Sakkwato, da dare ya biya kemis a haɗa masa ƙwayoyi biyu ko uku na wannan jinsi ya haɗiye, gobe ma haka, ba tare da ya san yana kankare rufin tumbinsa ba. Shan taba kuma yana ƙara haɗarin, yana hana gyambo warkewa.

To ina yunwa da yaji? Ba su ne suke haƙa gyambon ba, amma akwai dalilin da ya sa ake zarginsu. Gyambon da yake farkon hanji yakan fi zafi lokacin da tumbi ya zama wayam, ko cikin dare, domin babu abincin da zai rage kaifin asid, idan mutum ya ci wani abu kuma sai ya ji sauƙi. Ganin haka sai ya ɗauka yunwar ce ta kawo ciwon, alhali ita ta tona shi ne kawai. Yaji ma haka: yana tayar da raɗaɗi ga wanda yake da ciwon, don haka ya dace ya rage, amma ba ya fasa bangon lafiyayyen tumbi. Mai lafiya ba zai kamu da olsa don ya yi azumi ba; wanda kuwa gyambonsa yake ɗanye, ko ya taɓa zubar da jini, ya ga likita kafin Ramadan, hukuncin shari'a kuma ya nema wajen malamai. Nono da madara suna kwantar da zafin na ɗan lokaci, daga baya su sa tumbi ya ƙara fitar da asid. Jiƙon kanwa ma sauƙin ɗan lokaci ne, ba ya kashe ƙwayar cutar, kuma gishirin da yake cikinsa bai dace da mai hawan jini ba.

Ba kowane zafin ƙirji ne olsa ba. Ƙwannafi yana faruwa ne idan ƙofar sama ta yi sako-sako, asid ya hau hanyar abinci, wadda ba ta da kariya irin ta tumbi. Cika ciki da kwanciya nan take bayan cin abinci suna jawo shi. Ciwon zuciya ma yakan zo da kamannin ciwon ciki, musamman ga dattawa da masu ciwon suga.

Wanda ciwon saman ciki ya daɗe yana damunsa, ya je a gwada shi. Ana gano ƙwayar Helicobacter pylori ta gwajin bayan gida ko na numfashi, ko ta zura siririn bututu mai kyamara ta baki a duba tumbin. Gwajin jini ba ya bambance ƙwayar da take nan da wadda aka riga aka kashe. Kafin gwajin bayan gida ko na numfashi, ana dakatar da maganin rage asid irin omeprazole na mako biyu, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma na mako huɗu, in ba haka ba sakamakon yana iya nuna babu alhali akwai. Idan an same ta, ana haɗa maganin rage asid da aƙalla magungunan kashe ƙwayoyin cuta iri biyu, galibi na kwana 14, a shanye duka ko da an ji sauƙi, sannan a sake gwaji. Amma aman jini, ko bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo, ko ciwon ciki mai tsanani da ya zo farat ɗaya, waɗannan na gaggawa ne, a wuce asibiti nan take, kamar Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ramewa ba dalili, da wahalar haɗiya, da yawan amai, su ma suna bukatar a duba tumbin da kyamara ba tare da jinkiri ba, musamman ga wanda shekarunsa suka ja.