Kafinta da gidan kunkuru: yadda za a haɗa shi da yadda za a yanka kuɗinsa

Tambaya: Ni kafinta ne a Kaduna, ina da shago da yara biyu. Wata Hajiya ta ce in haɗa mata gidan katako na ɗan kunkurun da 'ya'yanta suke kiwo a falo, ta kuma ce ƙawayenta ma za su so. Ban taɓa yin irinsa ba. Ina tunanin in ɗauki kuɗin da na ware don sayen injin goge katako in haɗa guda biyar in jera a shago. Yaya ake aikin, kuma nawa zan yanka mata?

Amsa: Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ka karɓi aikin Hajiya, amma kada ka taɓa kuɗin injin. Maganar ƙawaye cinikin biri a sama ne har sai ɗaya ta zo ta ajiye kafin alƙalami. Masu kiwon kunkuru a cikin ɗaki ba su da yawa, akwatin yana cin wuri a shago, kuma kowane kunkuru da girmansa, don haka biyar ɗin da za ka jera za su iya shekara suna shan ƙura. Injin kuwa kullum zai yi maka aiki. Wannan kaya ne da ake yi sai an yi oda.

Kafin ka ɗauki zarto, ka je gidan ka ga dabbar da idonka. In mai zama a ruwa ce, wato kififiya, mai faffaɗan tafin ƙafa da shimfiɗaɗɗen baya, ka gaya wa Hajiya gaskiya cewa katako ba nata ba ne, tanki take bukata. In kuwa kunkurun tudu ne mai launin ƙasa da ƙafafu masu kaushi, mai yiwuwa irin na Sahel ne, wanda ake samu daga Senegal har zuwa Habasha. Babu kunkurun tudu da ya kai shi girma a cikin nahiyar Afirka. Yana fitowa daga ƙwai tsawonsa kamar inci 2, amma babbansa yana wuce ƙafa 2, nauyinsa ya haura kilo 40, kuma yana shekaru da dama a duniya. Ashe ke nan abin da za ka haɗa ɗakin raino ne na 'yan shekaru. Ka faɗa mata haka tun yanzu, don kada gobe ta ce ka yi mata ƙaramin abu.

Allon filawud guda mai kaurin inci ¾, ƙafa 4 da ƙafa 8, ya isa. Ka yanka shi a gicciye: ƙasan akwati inci 48 da 31, sai falle huɗu masu inci 48 da 16. Jimilla inci 95 ke nan, incin da ya rage na cin zarto ne. Falle biyu su ne dogayen bango. Sauran biyun ka rage su zuwa inci 29½ su zama gajerun bango da za su shiga tsakani. Guntaye biyu da suka saura, kowanne kimanin inci 18 da 16, da su za ka yi ɗakin ɓuya a gefe ɗaya: guda ya zama rufi, guda ya zama bango mai ƙofar da dabbar za ta shiga ba tare da bayanta ya goga ba. Ka haɗa da gam da sukuru, ba ƙusa zalla ba, ka fara huda wurin kada bakin filawud ya tsage.

Ka nemi filawud mai jure ruwa. MDF da sauran allunan da aka matse da garin katako suna da arha da kyan gani, amma da danshi ya taɓa su sai su kumbura su fara marmashewa, kuma wannan akwati kullum cikin danshi yake. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne al'adar shafa wa katako maganin gara ko baƙin mai. A rufin ɗaki yana da amfani. A nan kuwa dabbar hancinta na ƙasa dare da rana, tana shaƙa tana lasa, ga fitilar da za a rataya don ɗumama dabbar tana gasa katakon yana fitar da tiriri. Kada ko ɗigo ya shiga. Ka shafa banish irin wanda ake sirkawa da ruwa sau biyu ko uku, ka bar akwatin a inuwa yana shan iska kamar mako guda. Ka sa kanka ciki ka shinshina. Muddin kana jin wari, bai isa kaiwa ba.

Daga ciki a shimfiɗa tampol ko leda mai kauri, ta hau bango inci 6, a danne bakinta da siririn katako. In aka bar bakin a sake, kunkurun zai sa farce ya yage ta, ya ma haɗiyi guntu, ruwa ya sauka kan filawud. A kan ledar ake zuba ƙasa mai zurfin inci 4: ƙasar lambu da ba ta ga taki ko maganin ƙwari ba, a ɗan gauraya ta da yashi. Na san garin katako yana nan zube a shagonka kyauta. Kada ka zuba. Yana bushewa ƙayau, ƙurarsa tana shiga ido da hanci, in kuma dabbar ta haɗiye shi tare da abinci yana iya toshe mata hanji.

Ga abin da ke karya akwatin masu sabon shiga: nauyin ƙasa. Inci 4 a wannan faɗin ya kusa lita 90, wato bokiti huɗu da rabi na lita 20, nauyinsa ya haura kilo 100, fiye da buhun siminti biyu. In a ƙasa zai zauna, ka sa masa katako 2 da 3 guda uku a gicciye daga ƙarƙashi, iska ta ratsa, ruwan goge daɓe bai taɓa shi ba. In Hajiya tana son ƙafafu, ka yi firam na daban da katako mai ƙarfi irin maɗaci, ka kuma yi masa kuɗi na daban. Ƙasar a gidanta za a zuba, kada a ɗora akwati cike a mota.

Za ta iya cewa a sa gilashi a gaba don yara su riƙa kallo. Ka lallashe ta ta haƙura. Kunkuru bai san gilashi ba, yana ganin fili sai ya wuni yana tura shi da hanci. Rufaffen akwati kuma yana tara zafi. Sama a buɗe ake so, sai dai murfin ragar waya mai idon rabin inci saboda ɓera da kyanwa, don ɓera yana cin ɗan kunkuru da dare. Kusurwa huɗun nan ka rufe samansu da guntun katako mai kusurwa uku, domin ta nan yake tokarewa ya hau, ya faɗo ta baya, in ba kowa kusa ya mutu a haka. Bangon da ya saura a saman ƙasa inci 12 ne, ya wadaci wanda tsawonsa bai wuce inci 6 ba.

Zafi ya zama gefe biyu. A gefen da ba ɗakin ɓuya ka kafa sandar rataye fitila, yadda ƙwan zai tsaya aƙalla inci 12 daga bayan dabbar, a samu digiri 32 zuwa 35 a ƙarƙashinsa, ɗaya gefen kuma ya zauna wajen 25. Mariƙin ƙwan na tangaran ne, na roba narkewa yake, kuma katako da busasshiyar ciyawa ba sa wasa da wuta. Ka kira mai aikin lantarki ya yi wannan, da sunansa da kuɗinsa. Kunkuru yana bukatar hasken UVB, wato wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, don ƙashinsa da ƙoƙon bayansa su yi ƙwari, hasken nan kuma ba ya ratsa gilashin taga. Akwai ƙwansa na musamman, amma yana da tsada, ƙarfinsa yana raguwa cikin wata 6 zuwa 12 ko da yana ci gaba da haske, ga ɗauke wuta. Mu Allah ya ba mu rana. A riƙa fito da shi da hantsi ya sha rana inda akwai inuwar da zai koma, wani yana kallonsa. Falon da na'urar sanyaya ɗaki ke aiki dare da rana bai dace da shi ba, haka ma bakin taga a daren hunturu.

Yanzu kuɗi. Farashin katako ba ya zama wuri ɗaya, don haka ka je kasuwa ka tambaya a ranar da za ka yanka ciniki, ka kuma ce mata farashin na mako ɗaya ne. Mu ƙaddara filawud, katako, sukuru, gam, banish, tampol da raga sun ci N100,000. Ƙara kashi 10 na ɓarna da abin da aka manta, N110,000. Aikin na kwana biyu ne in ban da shanya. In ladan hannunka N15,000 ne a rana, ka kai N140,000. Man janareto, kuɗin yara da rabon hayar shago, a ce N10,000, ya zama N150,000. Har nan ba ka ci riba ba, gumin ka kawai ka karɓa, kuma a nan kafintoci da yawa suke tsayawa su ɗauka sun samu. Ɗora kashi 20, farashi ya zama N180,000. Kuɗin mota, ƙafafu da kayan wuta kowanne a layinsa. Kafin alƙalami kada ya gaza abin da zai sayi kaya gaba ɗaya, a wannan misali N110,000, sauran a cika ranar da aka kai. Ka rubuta awo da farashi a takarda ko a WhatsApp ta amsa, saboda “ai na ɗauka ya fi haka girma” ta sha cinye ribar mutane.

Dabara ɗaya da za ta dawo maka da Hajiya: gajeren bangon da ke gefen fitila kada ka sa masa gam, ka ɗaure shi da sukuru kawai. In dabbar ta girma sai a kwance shi a jona wani akwatin. Bayan nan kuma aikin shinge a tsakar gida yana jiranka, wanda sai an binne gindinsa a ƙasa domin irin wannan kunkurun maginin rami ne. Ka ɗauki hoton aikin da kyau kafin ya bar shago, hoton ya isa samfur. Ka haɗa mata da 'yar takarda: kasko mara zurfi na ruwa, a riƙa yayyafa wa ƙasar ɗakin ɓuya ruwa kada ta bushe, abincinsa ciyawa da ganye ne ba tuwo ko shinkafa ba, kuma yara su wanke hannu da sabulu bayan sun taɓa shi, domin kunkuru yana ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi.

In ƙawayen suka zo, wata za ta ce ka samo mata har da kunkurun. Ka tsaya a katakonka. Wannan nau'in yana cikin waɗanda ke fuskantar barazanar ƙarewa, yarjejeniyar CITES, wato ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ta hana fitar da wanda aka kamo a daji zuwa waje don kasuwanci, Najeriya kuma ta kafa dokar cinikin namun daji a 1985, aka yi mata gyara a 2016. Sai oda ta uku ta shigo da kuɗinta a hannu sannan za ka fara tunanin sayen filawud fiye da ɗaya a lokaci guda.