Titi na 125 a Harlem: ka je, amma ka san inda za ka tsaya

Ɗan'uwa, ka tambaya ko titi na 125 da ke unguwar Harlem a birnin New York ya cancanci ka ba shi wuni guda, tunda an ce maka manyan kantuna sun mamaye shi. Wanda ya faɗa maka haka bai yi ƙarya ba. Na daɗe ina bin titin nan zuwa wurin aiki, kuma shawarata ita ce ka je, sai dai ka san gine-ginen da za ka tsaya a gabansu, domin wanda bai sani ba zai wuce su yana kallon shagunan takalma.

Kowa zai nuna maka gidan wasa na Apollo, wanda ya buɗe wa baƙaƙen fata ƙofarsa a 1934, shekarar da Ella Fitzgerald ta lashe gasar sababbin mawaƙa a can. Ni dai na fi son farin dogon ginin nan na otal ɗin Theresa. Sai a 1940 aka fara barin baƙar fata ya kwana a cikinsa, amma a nan Fidel Castro ya sauka a 1960 har ya gana da Malcolm X, kuma a nan Malcolm ya buɗe ofishin ƙungiyarsa a 1964. Yanzu ofisoshi ne, don haka daga waje kawai za ka kalle shi. Ba nisa kuma akwai tsohon kantin Blumstein, wanda mutanen unguwa suka ƙaurace wa a 1934 saboda yana karɓar kuɗinsu amma ba ya ɗaukar 'ya'yansu aikin tsaron kanti. A cikinsa ne wata mata ta soki Martin Luther King a ƙirji a 1958.

Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne, 'yan kasuwar Afirka ta Yamma, har da Hausawa da Zabarmawan Nijar, sun yi shekaru suna kasa kaya a bakin titin, kafin gwamnatin magajin gari Giuliani ta tashe su a 1994. Da yawansu sun koma kasuwar Malcolm Shabazz a titi na 116, kusa da masallaci mai wannan suna. Idan ka daidaita zuwanka da ranar Juma'a, sai ka gangara can da ƙafa ka yi salla, sannan ka shiga kasuwar, kuma kada ka ji nauyin taya kaya, domin a can ana ciniki.