Yaya, ga bayanin mai faratan nan da ka gani a hoton ɗanka

Assalamu alaikum Yaya, ina wuni, ya jikin Hajiya, ya Anti da yara. Wallahi na saurari saƙon muryarka tun shekaranjiya, ba share ka nayi ba, aikin dare nake satin nan ga kuma awa bakwai ɗin dake tsakaninmu, in na tashi kun kwanta in kun tashi ni kuma ina hanya. Na ji kana cewa wane irin abu ne muka saka wa yaro a hannu kamar ɗan dodo, kuma wai ko mu mutanen Kanada haka muke sakin yara su bi aljanun Turawa. Nayi dariya har sai da babansu ya leƙo daga ɗaki. Toh bari in zauna in maka bayani a tsanake, don maganar ta fi ƙarfin saƙon minti ɗaya.

Da farko dai faratan nan ni na yi su da hannuna. Kwalin taliya ne na yanka gida shida, na naɗe da takardar foyil ɗin da nake gasa kifi da ita, na ɗinke a jikin tsohuwar safar hannunsa ta sanyi. Na shago da ya nuna min kuɗinsa ya kai cefanen kwana biyu, nace Allah ya kiyaye. Wurin da ka gani cike da mutane kuma taro ne da ake yi duk shekara a nan Kalgari wajen ƙarshen watan Afrilu, na masu son littattafan zane da finafinansu, tun 2006 ake yinsa, kowa ya shigo da shigar wanda yake so a labari, har da tsofaffi masu furfura. Ba wurin bauta bane, kasuwa ce kawai da wasa.

Wanda ɗanka ya kwaikwaya sunansa Wolverine, kuma ba aljani bane, mutum ne na ƙagaggen labari na kamfanin Marvel. Sunan ma na wata dabba ce da ake samu a dazukan sanyi na ƙasar nan, danginsu ɗaya da dage, gajeriya ce bata fi matsakaicin kare ba amma tsabar masifa takan kori kyarkeci daga kan nama. Kaga kenan da a gida aka ƙirƙiro shi Dage za a sa masa. Shima haka suka zana shi, gajere ne, ƙafa biyar da inci uku, jiki duk gashi, kullum fuska a murtuke. Wanda kake gani a fim ɗin da yaran gidanmu ke kallo a waya, Hugh Jackman, dogo ne ɗan Ostireliya da ya fara fitowa a matsayinsa a 2000, shi yasa mutane da yawa basu san na asalin guntu bane.

A 1974 ya fara bayyana, a cikin littafin Hulk, koren ƙaton nan, a zanen ƙarshe na fitowa ta 180, sannan ya fito sosai a ta 181. Len Wein ne ya rubuta, John Romita ya tsara kamanninsa, Herb Trimpe ya zana. A lokacin ma'aikacin gwamnatin Kanada ne da aka turo ya tare Hulk, ba wanda ya ɗauka zai yi nisa. A 1975 aka saka shi cikin ƙungiyar X-Men, wasu jaruman labari masu baiwa irin tasa, can ma da farko ba a damu da shi ba har an so a ajiye shi gefe, sai wani mai zane John Byrne da ya tashi a Kanada, ya ma yi makarantar koyon zane a nan garin namu, ya tsaya masa don Wolverine ɗin ne kaɗai ɗan Kanada a ƙungiyar. Irin ta ɗan gari kenan, ko ina akwai ta. Kuma a labarin a nan jihar Albata aka haife shi, toh kaga yaran nan gani suke ɗan unguwarsu ne, yadda yaro a Kano zai riƙe ɗan damben unguwarsu ko da kullum kashe shi ake.

Ƙarfinsa kuwa, abinda ya fara zuwa min rai ranar da ɗanka ya gama zayyano min shine 'yan tauri. Amma akwai bambanci, ɗan tauri ƙarfe ne baya kama shi, shi wannan wuƙa na shigarsa harsashi na huda shi, jini ya zuba, zafin ma yana ji sarai, sai dai kafin ka juya naman ya haɗe. Guba bata zama a jikinsa, ciwo baya kama shi, tsufa ma a hankali take zuwa masa, shi yasa an haife shi tun ƙarshen ƙarni na 19 amma ya yi yaƙin duniya na ɗaya ya yi na biyu kuma har yanzu kamar ɗan shekara arba'in. Hancinsa da kunnensa irin na dabba ne, yana bin sawun mutum da ƙanshi. Ba layu ba guru ba tsafi, a labarin haka aka haife shi da wani canji a halitta, irinsu ake kira miyutant, kuma mutanen gari tsoronsu suke suna ƙyamarsu. Sai faratan, uku a kowane hannu, a cikin damtsen gaba suke kwance, in ya so sai su huda fatar bayan hannu su fito, kowace fitowa yanka ce sabuwa da sai ta warke. Wannan wurin yakan sa tsigar jikina tashi.

Ƙarfen dake jikinsu kuma ba da shi aka haife shi ba. Wasu ne na wani shirin sirri da ake kira Weapon X suka sace shi, suka tsoma shi a wani tanki suka ɗura masa wani ƙarfe na labari mai suna adamantiyam a duk ƙasusuwansa, ƙarfen da baya karyewa, don su mai da shi makami, shi suka zaɓa saboda duk wanda ba shi ba mutuwa zai yi a wurin. Suka kuma wasa masa ƙwaƙwalwa, suka goge wasu abubuwa suka dasa na ƙarya. Barry Windsor-Smith ne ya zana wannan ɓangaren a 1991, ni kam ban bar auta ta ga wannan ba, jini yayi yawa. A 1993 wani abokin gabarsu Magneto mai sarrafa ƙarfe ya zare masa ƙarfen gaba ɗaya ta fata, nan ne kowa ya gano ashe faratan na ƙashi ne tun asali.

Ka tambaya mutumin kirki ne ko mugu. Anan gizo ke saƙar Yaya. Ka san irin su Superman, basa kisa basa ƙarya, kamar limamin unguwa da aka ba ƙarfi. Shi wannan yana kisa, yana shan giya, da can kullum da sigari a baki kafin kamfanin ya hana zana shi da ita, in ransa ya ɓaci wani hauka ke hawa kansa da baya bambance abokin gaba da na gida. Amma kuma baya cin amana, baya taɓa mai rauni, duk yarinyar da ta rasa gata a ƙungiyar shi ke zame mata uba. Ka tuna irin tsofaffin 'yan daban da in rikici ya tashi su ke tsayawa a bakin lungu su kare unguwa, kowa na jin daɗinsu ranar amma ba mai basu 'ya? Toh shine. A 1982 Chris Claremont da Frank Miller sun kai shi Japan inda ya so wata 'yar babban gida mai suna Mariko, labarin duk akan ko irinsa zai iya zama mutum mai kamun kai ne. Auren dai bai yiwu ba.

Yanzu ga yadda muke yi a nan, tunda shine ainihin tambayarka. Mu Hausawan garin nan bamu da yawa, in an haɗu ranar Sallah a zauren da muke haya, da 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan zangon Ghana duk ɗaki ɗaya ke ɗaukarmu, kuma wallahi kan wannan magana bakinmu bai zo ɗaya ba. Akwai gidan da ko hoton mai rai basa bari ya shiga, ban ga laifinsu ba. Akwai waɗanda suka saki gaba ɗaya, yaro da waya a ɗaki ba mai sanin me yake kallo. Yawancinmu muna tsakiya. Bikin ƙarshen Oktoba da yara ke shigar fatalwa suna bin gidaje karɓar alawa, mu bama zuwa, mukan kashe fitilar ƙofa mu tara yaran a gida ɗaya ko a masallaci a basu alawarsu a can. Amma littafin zane mun bari, da sharaɗi. A bayan bango ko gabansa akwai alamar shekarun da ya dace da su, ni nake dubawa kafin a biya, kuma sai anyi hadda an je Islamiyya ranar Asabar sannan a taɓa shi. Fim ɗinsa na 2017 na manya ne, har yau ɗanka bai gani ba, ko dai in ce ban san ya gani ba.

Ka gane Yaya, nan ba kamar gida bane da yaro zai fita ƙofar gida yayi langa da ƙwallo har magariba. Wata biyar ana sanyi, wani lokaci awo ya sauka talatin ƙasa da sifili, ƙarfe biyar na yamma duhu yayi, ba kaka a tsakar gida da zata ce gatanan gatananku. In ka hana wannan ba tare da ka kawo wani abu a madadinsa ba, a makaranta zai gani, a laburare ma kyauta ake bayarwa. Kuma gaskiya ta nan yaron nan ya koyi son karatu, da sai an yi kokawa yake buɗe littafi. Sabbin fitowa ranar Laraba suke zuwa shago, Asabar ɗin farko ta watan Mayu kuma ana raba wasu kyauta, ranar tun asuba yake tashina kamar zamu Idi. Kuɗin barka da Sallar da ka aiko masa bara ma can suka tafi, gara in faɗa maka da bakina.

Abinda ya sa na daina yi wa abin kallon shirme kuwa wani dare ne cikin hunturun bara. Ina yanka kubewa yana zaune a ƙasan kicin da littafin laburare, sai yace Umma kin san mutumin nan shekaru da yawa bai san sunansa na gaskiya ba? Logan kawai ake ce masa. Su kansu masu rubutawa sai 2001 suka fitar da asalinsa, shekara 27 bayan fitowarsa. Ashe sunansa James Howlett, ɗan masu kuɗi ne mai yawan laulayi, sai wani dare mai kula da lambun gidan, wani mashayi da aka kora mai suna Thomas Logan, ya dawo da bindiga ya harbe maigidan a gaban yaron, nan take faratan yaron suka fito karon farko ya soke mai lambun. Kuma labarin ya nuna shi wannan mai lambun ne ubansa na jini, kasan dai me ake kiran irin wannan ɗa a wurinmu, ban fassara wa yaron ba. Wata yarinya Rose ta gudu da shi can yamma wurin masu fasa dutse, ta laƙa masa sunan Logan don ɓoye shi, ƙwaƙwalwarsa kuma ta rufe abin da ya faru kamar yadda namansa ke rufe rauni. Ita ma Rose ɗin daga baya a kan faratansa ta mutu bisa kuskure.

Da ya gama bani labari sai yace, cikin Hausarsa ta rabi da rabi, Umma ni ma suna biyu gare ni, wanda malamai ke iya faɗa da wanda kuke kirana a gida. Sai kuma yace waye baban Alhaji, waye baban babansa? Yaya na ajiye wuƙar. Na faɗi sunan kakanmu, na faɗi na gaba da shi da kyar, daga nan na tsaya cak, ni da aka haifa a cikin gidan. Sau nawa na zaunar da yaran nan in basu tarihin gida suna hamma suna kallon silin, sai ga wani gajeren Bature mai farata ya sa ya tambaya da kansa. Da na faɗa wa matan da muke haɗuwa karatu ranar Lahadi, wata 'yar Damagaram tace nata ɗan ma ya taɓa tambayarta ko su ma an goge musu ƙwaƙwalwa ne tunda bai san kowa a dangin babansa ba, muka yi dariya amma ba wadda ta ƙara magana na ɗan lokaci.

Ba wai ina ce maka abin duk alheri bane, akwai shigar matan ciki da nake sa hannu in rufe shafi, akwai kuma ranar da ya yage min labulen falo da faratan kwalin nan ya sha faɗa. Su ma masu kamfanin 'yan kasuwa ne, sun kashe mutumin a 2014 aka yi ta sayen littafi ana jimami, 2018 suka dawo da shi, kaga ai kuɗi ake nema.

Don Allah in ka shiga wurin Hajiya gobe ka kunna rikoda ta lissafo mana kakanni iya inda ta sani, da garin da aka ce sun taso kafin su zauna a unguwarmu, da sana'ar da suke yi. Ka ce ta yi a hankali don Hausar tasa bata da ƙwari, in ta yi sauri sai na tsaya fassara. Ya riga ya ware shafi a littafin zanensa, ya ce zai zana kowa da rawani, na ce masa ba duka ne malamai ba, akwai maƙera a ciki, yace toh su zai fara zanawa.