Tambayoyinku: Wai an gano ɓoyayyar duniya a sama?

Tambaya daga Garwa: Malam, wayata na ɗaukar zafi in ina caji.

Amsa: Fito da ita daga ƙarƙashin filo, ka kuma daina kallon TikTok tana jone. Zafin Garwa kaɗai ya ishe ta.

Tambaya daga wani ɗalibi a Ngaundere: Yaya, an turo min bidiyo a WhatsApp wai masana sun kalli taurari biyu masu zagaya juna sun gano wani sashe na huɗu bayan tsawo da faɗi da zurfi. Gaskiya ne?

Amsa: Ƙanena, bidiyoyin nan suna ci min tuwo a ƙwarya, kai ɗan jami'a guda ka ƙona kiredinka a kai, na tabbata har ka tura wa gurup biyar kafin ka tambaye ni. Binciken dai an yi shi, amma mai bidiyon ya kifar da sakamakon. Ranar 17 ga Agusta 2017 na'urorin LIGO a Amurka da Virgo a Italiya suka kama girgizar sararin samaniya daga wasu taurarin niyutiron biyu (ragowar manyan taurarin da suka mutu suka dunƙule) da suka daɗe suna zagaya juna har suka yi karo, can a tarin taurarin NGC 4993, nisan da haske ke cinye shekara wajen miliyan 130 kafin ya iso mu, bayan daƙiƙa 1.7 kuma tauraron ɗan Adam na Fermi ya hango walƙiyar karon. To ka ɗauki tiyon ban ruwa, in yana yoyo a hanya ruwan da zai fito a baki ba ƙarfi. Haka lissafin yake, in akwai wani babban sashe a ɓoye girgizar za ta riƙa tsiyaya ciki ta iso a raunane, sai a ga kamar ta fi haskenta nisa. Da aka gwada nisan biyu sai suka zo daidai, babu alamar yoyo. Wannan bai kore ƙananan sassa da suka fi ƙarfin wannan awo ba, amma ko kusa ba wanda ya gano wata duniya. Don Allah ka kashe saukar bidiyo da kansa a WhatsApp, kullum sai na faɗa muku.

Tambaya daga Marwa: Kwamfutata ta cika da nauyi.

Amsa: Hajiya, yaushe rabon ki kashe ta gaba ɗaya? Rufe murfi ba kashewa ba ne.