Tambaya da Amsa: Ɗora tankin man hayaƙi a jirgin da ka haɗa da hannunka

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Na kusa kammala haɗa ƙaramin jirgi mai kujera biyu, jikinsa na alminiyam, da injin Lycoming mai ƙarfin doki 180. Ina so in sa masa na'urar hayaƙi irin ta masu wasan alkafura a sama. Na riga na sayi tanki mai cin lita 19 da famfon lantarki, kuma niyyata in ajiye su a wurin kaya, bayan kujeru. Shin tiyon roba da mahaɗan tagulla na masu aikin famfon ruwa za su wadatar, tunda ba fetur ne zai bi ta ciki ba? Kuma a ina ya kamata in huda salansa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa a gama lafiya, a tashi lafiya.

Maganarka ta "tunda ba fetur ne ba" ita zan fara kamawa, don duk sauran amsar a kanta take. Farin hayaƙin da kake gani a bayan jirgi ba ƙonewa man ya yi ba. Mai ne marar kauri, dangin farafin, da ake fesawa cikin salansa mai zafi, ya zama tururi, da ya fito ya gamu da iska mai sanyi sai ya koma ƙananan ɗigo masu rataye a sama. Gaskiya ne ba ya kama wuta da sauƙi irin na fetur, sai ya yi zafi sama da digiri 100. To amma duba inda kake kai shi. Iskar da ke fita daga injin irin naka tana kaiwa digiri 700 zuwa 800 a ma'aunin Selsiyas. Idan tiyo ya fashe a gefen injin, famfo kuma yana aiki, mai ne ake fesawa a kan jan ƙarfe. Don haka ka ɗauka layin fetur na biyu kake ja wa jirginka, ka yi masa aiki da irin kaya da irin tsantsenin da ka yi wa na farko. Tiyon roba da tagullar masu famfo ba su da wuri a nan, musamman gaban bangon wuta, wato bangon ƙarfen da ya raba injin da ɗakin matuƙi.

Kafin ka huda ko'ina, ɗauko takardar awon nauyin jirginka. Litar man hayaƙi tana da nauyin kusan gram 860, ta fi ta fetur ɗin jirgi da ke wajen gram 720. Lita 19 ke nan kilo 16 da ɗoriya, in ka haɗa da tankin da famfo da tiyo za ka tasar wa kilo 21. Wurin kaya na iya ɗaukar wannan a takarda, amma yana bayan cibiyar nauyin jirgi, kuma a jiragen da ake alkafura da su, irin RV na kamfanin Van's, iyakar cibiyar nauyi ta baya da aka yarje wa wasan alkafura ta fi ta tafiyar yau da kullum matsowa gaba. Jirgin da nauyinsa ya koma baya yakan yi saurin ɗaga hanci, kuma idan ya shiga wulwulawa yana faɗowa, fitar da shi sai an sha wuya. Ka lissafa mafi munin hali: tankin hayaƙi cike, fasinja mai jiki, fetur ya kusa ƙarewa. In lissafin ya fita daga iyaka, ko dai ka matso da tankin gaba, ko ka rage man da kake zubawa, ko ka rubuta a gaban idonka cewa ba a cika tankin idan akwai fasinja.

Sai ɗaurewa, kuma nan ne na fi ganin ana sakaci. Wannan kilo 21 ɗin, idan ka ja jirgi har nauyi ya ninka sau 6, ya zama kilo 126 a kan daɓen wurin kaya, daɓen da galibi ɗan siririn alminiyam ne da aka kama da ribit. Wannan ma mai sauƙi ne. Kafin a sake fasalinta a 2017, dokar FAA, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, ga ƙananan jiragen kamfani ta daɗe tana neman duk wani kaya mai nauyi da ke cikin ɗakin matuƙi ya jure tunkuɗa gaba ninki 18 a saukar gaggawa. Ga tankinka, wajen kilo 380 ke nan yana neman bayanka. Dokar ba ta hau kan jirgin haɗin gida ba, amma ma'auni ne da nake so ka riƙe. Ƙafafun tankin su sauka a kan haƙarƙarin jirgin, ba a kan fatar daɓe kaɗai ba, da ƙarin faranti a ƙarƙashi da noti irin na jirgi. Idan da ɗamarar ƙarfe za ka ɗaure, sa roba tsakaninta da tankin don kada girgiza ta ci alminiyam ɗin. Tankin kansa ya kasance da shinge a ciki mai hana mai kai-da-komo. Kafin ka ɗora shi, toshe ƙofofinsa, ɗaura balan-balan a ɗaya, hura iska kaɗan, ka bi layin walda da ruwan sabulu. Kada ka haɗa shi da kwamfuresa kai tsaye, zai kumbura.

Tanki yana numfashi. Mai na fita, iska na shiga, rana ta yi zafi man ya kumbura ya nemi hanya. Bututun numfashin nan dole ya fita waje ta ƙasan jirgi, nesa da bakin salansa, kada ya ƙare a cikin ɗaki. Ka kai shi sama, ka zagaya da shi, sannan ya sauko, don kada mai ya kwarara idan jirgi ya kife. In kana son hayaƙi ya ci gaba alhali kana kife, bututun zuƙar mai na cikin tankin sai ya zama mai lanƙwasa da ɗan nauyi a bakinsa, ya riƙa bin man duk inda ya kwanta. Kuma ka bar ɗan sarari a sama, kar ka cika tanki maƙil.

Game da mahaɗai, ka yi amfani da na jirgi, waɗanda ake kira AN. Lambarsu kashi 16 na inci take ƙirgawa: AN-4 kwatan inci ne, AN-6 kuwa 3/8. Daga tanki zuwa famfo sa AN-6, gajere, da matata a tsakani, saboda man yakan yi kauri da sanyi, famfo kuma ya fi iya turawa a kan zuƙa. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne bakin mahaɗan. Na AN an buɗa shi a kan digiri 37, na motoci da na masu famfo digiri 45. A wasu girman zarensu yakan shiga juna har ka ji ya ɗauru tam, ka gwada a ƙasa ka ga ba ya yoyo, amma bakin bai zauna daidai ba, sai girgiza ta tona asiri a sama. Bakin AN ba a shafa masa komai, ƙarfe ne ke haɗuwa da ƙarfe. Inda zaren bututu mai tsukewa yake, kamar a jikin tanki ko famfo, shafa man liƙi na musamman, ka bar zaren farko fayau. Kar ka naɗa farin tef ɗin nan na masu famfo. Guntunsa ke yankewa ya je ya toshe bawul ko bakin fesawa. Idan jikin famfon na roba ne, ɗaura a hankali, zare mai tsukewa yana tsaga shi.

Wurin ƙetare bangon wuta, sa mahaɗin bango na ƙarfe, irin AN832 ko mai lanƙwasa AN833 da notinsa AN924. Launin shuɗi alamar alminiyam ce, shi kuma yana narkewa a wajen digiri 660, alhali gwajin bangon wuta shi ne ya jure digiri 1,093 na minti 15. Bai dace ka huda bangon da ke kare ka ka toshe ramin da abin da zai riga shi narkewa ba. Daga nan zuwa salansa, tiyon Teflon mai saƙar ƙarfe, sanye da rigar kariyar wuta, da ɗan sassauci saboda injin yana motsi a kan kujerarsa. A cikin ɗaki kuwa ka kama layin da maƙalai masu roba, nesa da wayoyin juya wutsiya da sandunan tuƙi.

Yanzu salansa. Ana son wuri mai zafi da isasshen tsawo a gabansa, don man ya gama zama tururi kafin ya fita. Idan ka yi kusa da bakin fita, ɗanyen mai zai wanke cikin jirginka, hayaƙin kuma ya fito siriri. Ka huda bayan ma'aunin zafin salansa, ta ɓangaren bakin fita, ba ta ɓangaren injin ba, in ba haka ba man zai sanyaya shi ya ba ka karatun ƙarya. Kuma ko kusa kada ramin ya faɗa cikin rigar da ke ɗumama iskar ɗaki, domin duk yoyon da ya faru a wurin iskar guba ta carbon monoxide ce za ta shigo maka kai tsaye. Masu injin silinda huɗu da yawa sukan raba layin biyu, kowane bututun fita da bakin fesawarsa. Ko ka yi walda ko ka ɗaure da ɗamarar ƙarfe marar tsatsa, gefen ramin nan wuri ne da tsagewa ke farawa, ka riƙa duba shi duk lokacin canjin man injin.

Abin da ya fi damuna a duk aikin shi ne tsayar da man. Kashe famfo kaɗai ba ya isa, domin idan tankin ya fi bakin fesawa tudu, man zai ci gaba da gangarowa kamar yadda fetur ke bin tiyo bayan an zuƙo shi, salansa ma tana ja. Sa bawul mai rufewa da kansa idan an ɗauke masa wuta, ko mai sifirin da ba ya buɗewa sai famfo ya turo, kusa da bangon wuta. Ga lantarki: fiyus nasa daban, rile (makunnin da lantarki ke kunnawa), babban makunni a kan allo, da ƙaramin maɓalli a sandar tuƙi. Sannan ka ƙara abin da zai kashe famfon ko da hannunka bai kai ba. Ka yi tunanin injin ya mutu kana tsakar wasa, hayaƙi a kunne, ka sauka a gona da ƙarfi, tiyo ya tsinke, batir kuma lafiyarsa ƙalau. Famfon bai san abin da ya faru ba. Maganinsa ɗan makunni ne da ke jin matsin man injin, injin na tsayawa ya yanke wa rilen wuta, ko makunnin da ke yankewa idan an yi karo. Kuɗinsu kaɗan ne, kuma ni ba zan ba ka shawarar tashi ba tare da ɗayansu ba.

Kada ka zuba dizal ko baƙin man da aka juye daga injin. Za ka ji an ce Red Arrows, masu wasan jiragen sojan saman Ingila, sun daɗe suna yin nasu hayaƙin da dizal da rini, amma wannan a bayan injin jet ne, tsarinsa daban. Kai ka nemi man da aka yi don wannan aiki.

Don daidaita gudu, cire bakin fesawar ka sa a galan mai awo, kunna famfo na minti ɗaya. Injin irin naka lita 2 zuwa 4 a minti yake iya mayarwa tururi, wato tankinka wasan minti 5 zuwa 9 ne. Fara da kaɗan, ka riƙa buɗe bawul ɗin daidaitawa; in ka sauka ka ga cikin jirgi ya jiƙe da mai, ka wuce gona da iri. Kar ka kunna hayaƙi injin yana sululu, salansa ba ta yi zafin da zai mai da man tururi ba, taruwa zai yi a ciki. A tashin farko za ka iya jin hayaƙi ya shigo ɗaki ta ramukan ƙasa da na wutsiya. Inda ya bi, nan iskar guba ke bi kullum ba ka gani, sai ka toshe wuraren ka kuma sa na'urar gano ta.

Batun takardu: a Amurka, babban sauyi a jirgin haɗin gida yana sa a sanar da FAA a koma tashin gwaji na aƙalla awa 5, a Ingila kuma ƙungiyar masu ƙananan jirage ta LAA ke duba irin wannan gyara. Tunda naka bai tashi ba tukuna, ɗora na'urar kafin awon nauyi na ƙarshe, ka nuna wa mai duba jirgin a hukumar ƙasarka layin tun daga tanki har salansa, a rubuta shi cikin littafin jirgin.