Zaren makina yana cukurkuɗewa idan na yi jifa daga bakin teku

Malam, ka ce ka sayi makinar kamun kifi ta Abu Garcia Ambassadeur 6500, amma duk jifan da ka yi a bakin teku a Jidda sai zare ya cukurkuɗe. Na sha wannan wahala, wallahi. Kwarkwaron da zaren ke naɗe a kai ne ke gudu fiye da dalmar da ke ƙarshen zaren, musamman idan iskar yamma ta taso.

Ɗaure maɓallin da ke gefen makinar har sai ka ji kwarkwaro ya kusa daina motsi hagu da dama, ka bar masa ɗan wasa kaɗan. Birkin ciki kuma ka saka duka tukuna, sai hannunka ya faɗa ka riƙa ragewa. Babban yatsanka ya danne zare daidai lokacin da dalma ta taɓa ruwa.

Boris ɗin da kwarkwaron ke juyawa a kai, kada ka cika masa giris, ɗigo ɗaya na mai ya isa. Mai mai kauri yana rage gudu, kuma ga mai koyo alheri ne.

Bahar Maliya gishirinta ya kai kusan giram 40 a lita, ya fi na yawancin tekuna. Da ka dawo gida, wanke makinar da ruwan famfo a hankali, ka sassauta maɗaurin da ke riƙe zare idan kifi ya ja kafin ka ajiye.